Yadda Na Koya wa 'Ya'yan Amurka Zaɓensu

Jirgin da ya kai ni Omaha, birni mafi girma a jihar Nebraska, ya sauka da rana tsaka a cikin watan Agusta. Duk wanda ya ba ni labarin Amurka a Ƙaura Namoda sanyi ya faɗa mini, har maigidana ya sa tela ya ɗinka mini wata ƙatuwar riga mai auduga a ciki. Rigar ta ƙi shiga akwati, don haka a jikina na shigo da ita ƙasar. Ina fitowa waje zafi ya buge ni kamar na Shinkafi a tsakiyar bazara.

Sunana Balkisu. A lokacin ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandaren 'yan mata a Ƙaura, ina da 'ya'ya biyu. Wata jami'a ce a Omaha ta ɗauke ni karatun digiri na biyu a kimiyyar siyasa, bisa sharaɗin in riƙa taimakawa wajen koyar da 'yan aji ɗaya, ita kuma ta ɗauke mini nauyin karatu. Mahaifina tsohon alƙali ne, shi ya tsaya mini sa'ad da dangi suke cewa matar aure mai 'ya'ya ba ta da abin nema a bayan teku. Maigidana ya ce in tafi, zai riƙe yaran.

Masauki kuwa na ɗauka na gama da shi tun ina gida. A wani zauren waya na 'yan Najeriya mazauna Amurka na haɗu da wani mai kiran kansa Injiniya Kabiru. Hausarsa tsaf, ba ya buɗe baki sai da sallama, yana ce mini ƙanwata. Ya turo hotunan ɗaki mai labule shuɗi, ya ce in tura kuɗin kama ɗakin kada wani ya riga ni. Na tura. Da mai tasi ya sauke ni a adireshin, sai na tarar da shagon gyaran taya. Mai shagon ya duba hotunan, ya girgiza kai, ya ce ni ce ta uku da ta zo masa da wannan labulen. Na kira Injiniya, waya a kashe. Har yau a kashe take.

Na ja akwatunana gefe, na zauna a kan babbar. Na kira maigidana don na san yana jiran ya ji na sauka. Na ce masa lafiya lau, ɗaki ya yi kyau, ya gaishe mini da yara. Ina ajiye wayar sai na ga wata mata tsaye a kaina, ta fito daga shagon wanki da kwando a hannu, ta naɗe jikinta da lafaya. Ta ƙare mini kallo ta ce:

"Ke Bahausa ce?"

Sunanta Nafisa, 'yar Sudan ce, ta girme ni sosai. Kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka tashi a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a garin Mai Wurno na Sudan, zangon ya zama gida. Hausarta tsohuwa ce, irin wadda nake ji a bakin kakata, Larabci ya cinye rabinta. Ba ta tambaye ni takarda ba, ba ta tambaye ni ko zan iya biya ba. Ta ɗora kwandonta a kan akwatina, ta ce mu je. Ranar ta tuƙa abin da take kira asida, ta yi miyar busasshiyar kuɓewa. Loma ɗaya na kai baki na gane tuwo ne ya canza suna. A ɗakin 'yarta da ta yi aure na zauna har na gama karatu, kuma Yaya nake ce mata har yau.

Karatun bai ba ni wuya ba kamar koyarwar. An ba ni ƙaramin aji, duk ranar Juma'a da safe in bi musu abin da aka koya musu a babban zaure game da tsarin mulkin ƙasarsu. Shugabata ita ce Farfesa Greene, wata dattijuwa baƙar fata, doguwa, mai furfura, ba ta cika dariya ba. A Ƙaura idan na shiga aji 'yan mata miƙewa suke yi. A nan sai na tarar da masu cin abinci, da masu ɗora ƙafa a kan kujera, kuma da sunana tsirara suke kirana, shi ma ba daidai ba. Turancina da nake taƙama da shi a gida sai ya zama abin a ce in maimaita. Akwai haruffa biyu, p da f, da bakin Bahaushe yake haɗewa, su kuma a kunnensu kalma ce ta koma wata. In na faɗa sai in ga kawuna sun sunkuya, kafaɗu na rawa. Na riƙa tsayawa gaban madubi a gidan Yaya Nafisa ina gyara leɓena kamar 'yar firamare.

Akwai wani a cikinsu mai suna Tyler, ya girmi sauran, tsohon soja ne da ya dawo makaranta. Shi ba ya dariya, amma nasa ya fi ciwo. Yakan naɗe hannu a ƙirji ya zuba mini ido, in na gama ya tambayi na kusa da shi abin da na ce. Shi ya jagoranci wasu suka je wajen Farfesa Greene suka ce ba sa fahimtata, kuma ba su ga dalilin da wadda ba ta taɓa jefa ƙuri'a a Amurka ba za ta koya musu yadda ake mulkin Amurka.

Farfesa ta kira ni ofishinta ta faɗa mini kai tsaye. Ta ce za ta zo da kanta ta zauna a ajina ranar da zan koyar da batun wakilan zaɓe, in abin bai gamsar da ita ba dole ta ba wani ajin. Ba ta ce za a kore ni ba, amma ni da ita mun san ajin ne yake riƙe da karatuna. Da na duba jadawali sai na ga darasin ya faɗo a Juma'ar da ke bin ranar zaɓen shugaban ƙasa, don shekarar zaɓe ce.

Abin da ke littafi na san shi. Ba'amurke idan ya jefa ƙuri'a, ba kai tsaye take zuwa wa ɗan takara ba. Kowace jiha tana da wakilai daidai da yawan 'yan majalisarta na tarayya, wato 'yan majalisar wakilai da ake rabawa bisa yawan jama'a, da sanatoci biyu da kowace jiha take da su komai ƙanƙantarta. Gaba ɗaya wakilan ɗari biyar da talatin da takwas ne, wanda ya samu ɗari biyu da saba'in ya ci. A kusan duk jihohi, wanda ya zo na ɗaya, ko da ƙuri'a guda ya fi, shi zai kwashe wakilan jihar kaf. Wannan na haddace. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da mutane masu hankali za su ɗora wa kansu wannan kewaye-kewayen, ga hanya miƙaƙƙiya ta a ƙirga kowa. Kuma na san daga aikina cewa malamin da bai gamsu da abu ba, ɗalibai suna jin ƙamshin haka tun daga bakin ƙofa.

A cikin makonnin nan labarin gida ma ba daɗi. 'Yan bindiga sun hana mutanen ƙauyen su maigidana, can bayan Zurmi, zuwa gona, ga gero ya nuna. Surukata da ƙannensa suka taso suka dawo gidanmu a Ƙaura. Shi kaɗai yake fama da su da yarana, ga 'yata tana ƙin cin abinci sai an kira ni ta ga fuskata. Duk sanda muka yi waya sai ya ce in mai da hankali kan abin da ya kai ni. Ban iya faɗa masa cewa abin da ya kai ni yana lilo ba. Nakan zauna a tashar bas in yi ta tunanin yadda zan sauka a Ƙaura da akwatunan da na tafi da su, ba komai a hannu, in wuce ta gaban waɗanda suka ce kada in tafi.

Jami'ar tana da wani tsari na haɗa baƙin ɗalibai da iyalan ƙasar don su ga yadda ake zama. Ni aka haɗa ni da wasu tsofaffin manoma, Harold da matarsa Ruth, can yammacin jihar. A watan Oktoba suka zo suka ɗauke ni in yi musu ƙarshen mako. Muka yi ta tafiya, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, masara hagu da dama, sai ka daɗe ba ka ga mutum ba. Muna dab da gidansu na hango wata gona ta yi jawur. Na ce Harold ya tsaya. Ya ɗauka amai nake ji.

Dawa ce. Gajeriya, ba ta wuce ƙuguna ba, ba irin tamu mai rufe mutum da raƙuminsa ba, amma dawa ce. Na shiga gonar na kama zangarniya ɗaya na murza a tafin hannu, sai hawaye. Harold ya cire hula yana sosa kai, ya ce shekarunsa nawa yana nomanta bai taɓa ganin wanda ta sa kuka ba, don su abincin shanu suke yi da ita. Na ce masa mu ita ta raine mu. Ruth ta sa ya cika mini bokiti, ta niƙa a wata 'yar na'urar girkinta, na tankaɗe, na tuƙa musu tuwo. Harold ya ci da cokali da man shanu, ya ce shanunsa sun daɗe suna cutarsa.

A kan teburin nan na yi masa tambayar da ke damuna. Ya ajiye cokali ya ce in tuna hanyar da muka biyo. Duk mutanen gundumarsu ba su cika unguwa ɗaya a manyan biranen bakin teku ba. In kawuna kawai za a ƙirga, ɗan takara zai zagaya birane kaɗan ya tara abin da yake so, ba zai taɓa sanin farashin taki ko ruwan ban gona ba. Ya ce ƙasarsu jihohi ne suka haɗu suka yi ta, kowace da sharaɗinta ta shigo, kuma ƙananan ba su yarda sun shiga ba sai da aka ba su tabbacin manyan ba za su haɗiye su ba.

Ruth tana kwashe kwanuka ta ce masa, "To yaushe rabon da wani ɗan takara ya tako garin nan?"

Ya ce ba nan maganar take ba. Ta ce nan take. Kowa ya san inda jiharsu take jefa ƙuri'a tun kafin a buga takardun, don haka ba mai ɓata lokacinsa a kansu. Jihohi 'yan kaɗan da ba a san inda za su faɗa ba, su ake yi wa zarya. Ta ce in ka ga ɗan takara a Nebraska to Omaha ya zo, saboda jiharsu tana cikin biyun da suke raba wakilansu mazaɓa-mazaɓa, kuma wakili ɗaya na birnin yana iya zuwa ko'ina. Suka yi ta yi har shayi ya huce. Na lura musun ya girmi 'ya'yansu, kuma ba wanda yake da niyyar sauka.

Ina jin su sai Zamfara ta faɗo mini a rai. Ai maganar Harold ita ce maganar da nake ji a Zurmi duk lokacin zaɓe, cewa da Gusau kaɗai za ta iya naɗa gwamna, da ba wanda zai san hanyar garinsu. Maganar Ruth kuma ita ce ta surukata, mai cewa sun san hanyar, amma sau ɗaya a shekara huɗu. A motar komawa na fara rubuta darasina a zuci.

Na kai wa Farfesa Greene abin da na tsara. Ta karanta ta ce ya yi, amma na tsallake ɗaki ɗaya a gidan. Ta ce lokacin da ake rubuta tsarin mulkin, jihohin kudu cike suke da bayi waɗanda ba su da ƙuri'a. Da za a ƙirga masu jefa ƙuri'a kawai, da kudu ta sha kaye. Sai aka yi sulhu, a ƙirga uku cikin kowane bayi biyar wajen raba kujerun majalisa, kujerun nan kuma su suke ƙara yawan wakilan zaɓe. Wato jikin bawa ya ƙara wa ubangidansa nauyi a zaɓen da shi bawan ba shi da baki a ciki. Ta ce kakanninta suna cikin waɗanda aka ƙirga haka. Ta miƙo mini takarduna ta ce kada in ji tsoron faɗa don ni baƙuwa ce.

Aka yi zaɓe ranar Talata. Kafin Juma'a ta zo an san wanda ya tara wakilai ya ci, an kuma fara ganin cewa wanda ya faɗi ya fi shi yawan ƙuri'un jama'a. Garin ya yi wani iri. A bas ba mai kallon wani. Da safen Juma'a Yaya Nafisa ta tare ni a ƙofa da wata hular sanyi, ta ce in ajiye hijabi in sa wannan, ranakun nan ba a san wanda za a haɗu da shi ba. Na karɓa na gode mata, na sa a jaka. Na fita da hijabina ruwan toka, wanda nake shiga aji da shi a Ƙaura.

Ajin ya cika, har waɗanda ba su saba zuwa ba. Wasu idanunsu sun kumbura, wasu kuma suna ta murmushi suna ɓoyewa. Farfesa Greene ta zauna a kujerar baya. Tun kafin in ajiye jaka wata yarinya ta ce tsarin nan sata ne, wani daga gefe ya ce ta je ta karanta tsarin mulki. Hayaniya ta tashi. Ban ɗaga murya ba. Na yi abin da nake yi wa 'yan matana, na tsaya shiru ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya har suka ji kunya suka yi tsit.

Na fara da yadda abin yake faruwa, a hankali, ina ba kowace kalma haƙƙinta. Na ce in ka ci jiha da gagarumin rinjaye, rarar ƙuri'un ba ta ƙara maka wakili ko ɗaya. In abokin takararka ya ci jihohi da yawa da ƙyar, ya kwashe wakilansu duka. Sai a wayi gari kai ka fi mutane, shi ya fi wakilai. Daga nan na koma kan dalili. Na ce waɗanda suka rubuta tsarin sun yi ta gardama, wasu na son majalisa ta zaɓi shugaba, wasu na tsoron hakan zai mai da shi yaron majalisa, wasu na son jama'a su zaɓa, wasu na cewa a ƙasa mai faɗi haka, a zamanin doki, mutum ba zai san ɗan takarar wata jiha ba. Na kawo tsoron ƙananan jihohi, na ba su labarin Harold da Ruth. Sannan na faɗi maganar bayi, ban rage komai ba.

Sai Tyler ya ɗaga hannu. Ya ce ba da raini ba, amma duk wannan a littafi na karanta. Ya ce, "Ke kin taɓa yin zaɓen da ƙuri'arki ta yi wani amfani?"

Na ajiye alli. Na ce masa na jefa ƙuri'a, kuma na ƙirga ta wasu. A zaɓen da ya wuce a ƙasarmu an ɗauki malamai aikin wucin gadi, aka tura ni shugabar rumfa a wani ƙauye bayan Zurmi, inda mota ba ta shiga. A bayan babur na tafi da akwatin zaɓe a cinyata, ɗan sanda ɗaya yana bin mu, a hanyar da ake tare mutane. A gindin tsamiya muka kafa tebur. Akwai tsohuwar da aka kawo a amalanke don ba ta iya tafiya, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga tawada a yatsanta. Da aka gama ba wanda ya tafi gida. Na riƙa ɗaga takarda ɗaya-ɗaya sama, duk ƙauyen suna ƙirgawa tare da ni da babbar murya, don kada wani ya ce an yi musu coge. Na ce masa wannan zaɓen nake ɗauke da shi duk sanda na shigo ajin nan.

Sai ya warware hannuwansa daga ƙirji.

Na juya ga allo na ce bari in nuna musu wani abu. Ƙasata ma tarayya ce, mai yaruka da addinai da manyan birane da ƙauyuka, kuma mun yi yaƙin basasa kamar yadda suka yi. Tsoron da kakanninsu suka ji, namu ma sun ji, kada wani yanki mai yawan jama'a ya naɗa shugaba shi kaɗai. Amma mu ba mu sa wakilai a tsakani ba. A wajenmu kowace ƙuri'a ɗaya ce, ta Legas da ta Shinkafi. Sai dai yawan ƙuri'u kaɗai ba ya isa, dole ɗan takara ya kuma samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Haka gwamna ma a ƙananan hukumomin jiharsa. Na ce ba ina cewa zaɓenmu ba shi da ciwo ba, yana da shi, na gani da idona. Amma tambayar da suke faɗa a kanta yau, mu ma an yi mana ita, kuma mun ba da tamu amsar.

Hannuwa suka tashi. Wadda ta ce sata ne ta tambayi me ya hana su yin irin namu. Na ce gyaran tsarin mulkinsu sai kashi uku cikin huɗu na jihohi sun amince, kuma jihohin da tsarin yake yi wa daɗi ba za su sa hannu a rage musu nauyi ba. Na ƙara da cewa kwashe wakilai duka ba ya cikin tsarin mulkin, jihohi ne suka zaɓi yin haka, shi ya sa tasu jihar ta iya bin wata hanya. Da yawansu a Nebraska aka haife su amma ba su san wannan ba. Tyler ya sake ɗaga hannu, wannan karon ya tambayi abin da ake yi a ƙasarmu in ba wanda ya cika sharaɗin. Na ce a sake zagaye na biyu. Ya sunkuya ya rubuta. Lokaci ya ƙare ba wanda ya tashi, sai da masu aji na gaba suka fara leƙowa.

Farfesa Greene ta jira kowa ya fita. Ta tako a hankali har gaban allo, ta daɗe tana duban abin da na rubuta. Sai ta ce kada in goge, tana so ta ɗauki hotonsa. Ta ce ranar Litinin zan maimaita wannan darasin a babban zaure, gaban 'yan aji ɗaya gaba ɗaya, ita za ta zauna ta saurara. Maganar karɓe aji ba ta sake tasowa ba.

Na fito na samu benci a rana na zauna. Na lissafa a gida an yi La'asar, lokacin da Baba yake zama a ƙofar gida da abokansa, tsofaffin malamai da ma'aikata, rediyo a tsakiyarsu. Na kira shi don kawai in ji muryarsa. Muka gaisa, ya tambayi karatu da sanyi. Sai ya ce dama yana nemana, tun jiya suke musu a majalisarsu.

"Balkisu, wai mi muka ji haka? An ce wanda yaf fi yawan ƙuri'a shi yaf faɗi. Su ma maguɗin suka iya?"

Na ce ba maguɗi ba ne, Baba, tsarinsu ne haka, kuma yanzun nan na fito daga aji inda na yi wa ɗalibai bayaninsa.

Ya ce waɗanne ɗalibai. Na ce 'ya'yan ƙasar. Ya ce Amurkawan. Na ce su. Ya sake tambaya ko ina nufin su suka zauna ni na tsaya, na ce haka aka yi, kuma ranar Litinin za a tara mini wasu da suka fi waɗannan yawa.

Ina jin kukan awaki da ƙarar babur yana wucewa ta ƙofar gidanmu. Sai na ji ya ce wa wani ya kashe rediyon nan, ya kira wani ya zo ya buɗe masa muryar wayar yadda kowa zai ji. Na ji ana jan tabarmi ana matsowa.

"Ku matso," in ji shi. "Ɗiyata ce, daga Amurka. Ita ka koya musu abin." Sannan ya dawo kaina, da muryar da yake buɗe shari'a da ita a da. "To Malama, muna saurare. Fara daga farko."